Bulon ɗin birki ya cije, kansa ya suɗe: ga yadda ake fitar da shi

Salamu alaikum. Malam, ka ce Corolla ce, kana canza filaket da faifan birki na gaba a gida nan Yamai, bulon 17 (mai kan milimita 17) na ƙasa mai riƙe da mazaunin etiriye, wato ƙarfen da ke matse filaket a jikin faifan, ya ƙi motsi, kansa kuma ya soma suɗewa. Abu na farko, ajiye lakilen da ke hannunka. Duk ƙarin juyi ɗaya da shi cin kan yake yi, kuma sauran kusurwar da ta rage ita ce jarinka.

Ba ƙarfi ne ya gaza ba, kayan aiki ne. Lakile mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai yake kamawa, mai haƙora 12 kuma tsinin kusurwa yake riƙewa. Wannan bulon a Corolla ana ɗaure shi da ƙarfi wajen Nm 100 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), ga zafin birki na shekaru, ga tsatsa. Wani zai ce ina tsatsa a ƙasar da ruwa wata uku ne? Galibin motocinmu tsofaffin Turai ne da suka shigo ta Kwatano ko Lome, kuma can gishiri ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara. Da tsatsarsu suka zo, ruwan da ke kwanciya a unguwanni da damina ya ƙarasa.

Kafin ka sake taɓa shi, mota ta zauna kan ƙafar ƙarfe, ba kan jak kaɗai ba, a sa dutse a bayan tayoyin baya. Idan ƙasar gidan rairayi ce, shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashi, domin za ka yi ja da bugu. Karya sitiyari yadda bayan etiriye zai leƙo waje. Sannan ka tabbatar da wajen juyi. Kan wannan bulon ciki yake kallo, kai kuma kana zaune a waje, mutane da yawa ɗaurewa suke yi suna zaton kwancewa ce. Ka ɗauka kana fuskantar kan bulon ɗin, ya juya saɓanin tafiyar agogo.

Goge kan da buroshin waya har ƙarfe ya fito, don laka da tsatsa ke hana kofin lakile, wato duyi, zama har gindi. Fesa maganin tsatsa, WD-40 ko makamancinsa, a gindin kan da kuma ta ɗaya gefen inda zare ya ƙare. Ba shi minti 30, in da hali ya kwana. Ka ɗora guntun ƙarfe a tsakiyar kan ka yi masa bugu biyar ko shida da guduma, bugun a miƙe, don girgizar ita ke fasa tsatsar cikin zare.

Yanzu nemo duyi 17 mai kusurwa 6. Idan ya zauna daram, sa masa doguwar sanda, ka ƙara bututu har tsawon ya kai santimita 60 zuwa 80. Kada ka sa bututu a lakile mai ƙaras-ƙaras, haƙoransa za su zube. Hannu ɗaya ya danne duyi kada ya karkace, ɗayan ya ja a hankali ba fizga ba. Gwada ɗaure shi kaɗan tukuna, kamar kaurin farce, sannan ka kwance. Da ya yi ƙara ya motsa, kada zumuɗi ya ɗauke ka: rabin juyi baya, kwata gaba, ƙara feshi, haka har ya fito.

In kuwa 17 ɗin yawo yake yi a kai, sauka zuwa 16 mai kusurwa 6, ko na inci 5/8 wanda yake milimita 15.9, ka buga shi da guduma har ya shige. Duyin da ba ka jin asararsa za ka sa, yana iya tsagewa. Ga ƙananan bulon 14 na sandunan zamiya, waɗanda etiriye ke zamewa a kansu, 13 ake bugawa. Akwai kuma duyi mai murɗaɗɗun haƙora a ciki da aka yi don wannan aiki, yana ƙara cizo duk lokacin da ka ja. Fensa mai kulle tana aiki a kan ƙananan, amma a kan 17 ɓata lokaci ce, sai dai ta ƙara suɗe shi.

Wuta tana zuwa bayan waɗannan. Abin da ake gasawa shi ne ƙarfen da zare yake ciki, ya buɗe ya saki bulon, kuma in an taɓa sa gam ɗin zare, zafin wajen digiri 250 yana kashe shi. Sai dai wurin cike yake da abin da wuta ke lalatawa. Cire etiriye gaba ɗaya ka rataye shi da waya a jikin sifirin, kada ya rataya da tiyonsa. Zare sandunan zamiya da robobinsu. Kare wayar ABS (na'urar hana taya cijewa in an taka birki) da robar kardan (sandar da ke juya taya) da jiƙaƙƙen tsumma da guntun kwano. Goge maganin feshin, yana kamawa da wuta. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa, ba sai ya yi ja ba, kuma kada harshen wutar ya daɗe kusa da rulma, wato boris ɗin da taya ke juyawa a kansa.

Idan kan ya zama kamar ƙwallo, ko ya guntule, to aikin mai walda ne, kuma ba abin kunya ba ne. Ya ɗora noti 19 ko 22 a kan guntun, ya cika cikinsa da walda, a bar shi ya huce, a juya. Zafin waldar da kansa yana sakin tsatsa, shi ya sa wannan dabara ta fi kowace. A cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa a jikin ƙarfen da ake aiki kansa, kusa sosai, don kada wutar ta bi ta cikin rulma. Hudawa da sa ƙusar ciro mai zaren hagu ita ce ta ƙarshe a ganina. Ƙarfenta ya fi bakin huda tauri, in ta karye a ciki ka sayi sabon aiki.

Faifan ma zai iya manne wa. Na Toyota yawanci yana da ramuka biyu masu zare M8, wato na bulon mai kaurin milimita 8. Sa bulon biyu ka riƙa ɗaure su bi da bi, zai turo kansa. Notin fitar da iska na jikin etiriye kuwa, in ba dole ba kada ka taɓa shi yau. Rami ne a cikinsa, ƙarfi kaɗan ke karya shi.

Wajen mayarwa, bulon da aka gasa ko aka buga wa duyi ya tashi daga aiki. Tafi da shi wurin masu kayan mota a samo mai tsawo ɗaya, zare ɗaya, ƙarfi ɗaya. Dubi lambar da ke kansa: in 10.9 ne, kada a ba ka 8.8 a ce duk ɗaya ne, balle na masu kayan gini. Share ramin, fara ɗaurawa da yatsu juyi uku ko huɗu kafin lakile ya taɓa shi. In zaren ramin ya ci, a canza mazaunin da na wata mota, ya fi a yi masa ciko. Sandunan zamiya man silikon ake shafa musu, giris na yau da kullum yana kumbura roba. Bulon ɗinsu wajen Nm 34 ne, notin taya 103.

Kafin ka motsa motar, taka birki sau da yawa har ya yi tauri, don takun farko ƙasa yake tafiya. Duba man birki, ka gwada a hankali cikin layi kafin ka hau kwalta. In ka samu dama turo hoton kan bulon ɗin, a gani ko 16 zai kama ko sai walda. Allah ya ba da sa'a.