Yadda za a haɗa darussan 'yan aji biyu da yanayin shekara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare a cikin garin Sakkwato, kuma ina riƙe da aji biyu mai yara fiye da 60. Shugaban makarantarmu ya umarce mu da mu riƙa sanya ayyukan da suka dace da yanayin shekara a cikin darussanmu, alhali ba mu da kayan aiki, manhaja kuma ta riga ta cika. Yaya zan yi ba tare da karatu da lissafi sun samu naƙasu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara miki juriya, domin riƙon ƙananan yara masu wannan yawa aiki ne babba. Abin da nake so ki fara sawa a ranki shi ne, ba a nemi ki ƙara sabon darasi a kan manhaja ba. Yanayin shekara shi ne zai ba ki kayan koyarwar da kika ce babu, kuma karatun da lissafin da kike jin tsoron su raunana su ne za su fi cin moriyarsa.

Zangon farko, wanda ke farawa a watan Satumba, yana faɗawa ne cikin kaka, lokacin da ake girbin gero da dawa da wake, kuma a ganina shi ne zango mafi albarka ga mai koyar da lissafi. Ki sa kowane yaro ya zo da sillen kara ko tsinke, ki raba ajin rukuni-rukuni, yara shida zuwa takwas, su riƙa ƙirga goma suna ɗaurewa da zare. Idan kika rubuta 34 a allo, sai kowane rukuni ya ajiye ɗauri uku da tsinke huɗu a gabansa. Ranar da kika zo kan ɗebewa, kika ce a cire 8 daga 34, yaron zai ga da idonsa cewa tsinke huɗu ba za su isa ba, dole ya kwance ɗauri guda. Wannan kwancewar ita ce aron da yara da dama ke haddacewa har su kai aji huɗu ba su gane dalilinsa ba. Ki adana ɗaurin a cikin kwali, domin zai yi miki aiki har ƙarshen shekara.

Idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai ki ware gefen allo don yanayin kowace rana. Ki zaɓi wani abu mai ɗan nisa da ake hangowa daga ƙofar aji, kamar hasumiyar masallaci, kowace safiya yaro ɗaya ya leƙa ya faɗa ko tana ganuwa sosai ko hazo ya rufe ta, sannan ya rubuta kalma ɗaya da hannunsa: hazo, iska, sanyi ko rana. A ƙarshen wata su ƙirga kwanakin hazo su kwatanta da sauran. Idan akwai gawo kusa da makaranta, kada ki bari ya wuce ki, domin shi yana fitar da ganye ne da rani ya kaɗe da damina, saɓanin kuka, kuma yaran da suka zana itatuwan biyu a Janairu suka sake zana su a Yuli za su yi ta tambayar dalili da kansu. Ki kuma sa a yayyafa ruwa kafin shara saboda masu tari da asma.

Bazara kuwa ta fi buƙatar gyaran jadawali a kan sabon aiki. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, saboda haka ki roƙi shugaban makaranta a sanya karatu da lissafi da sassafe, a bar waƙa da tatsuniya da zane zuwa bayan tara, kuma kada randa ta rabu da ruwa. Lokacin sanƙarau ne kuma, don haka duk yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da sanƙarewar wuya a sanar da iyayensa a kai shi asibiti nan take.

Damina tana da wata matsala da malamai kan manta da ita: ruwa yakan zauna ne wajen watan Yuni, dogon hutu kuma yana cinye tsakiyarta. Shukar da za a yi a filin makaranta ba za ta nuna a gaban yaran ba. Abin da ya fi shi ne kowane rukuni ya shuka wake a gwangwanin da aka huda gindinsa, domin yakan tsiro cikin 'yan kwanaki, su riƙa auna tsawonsa da tsinke duk mako suna rubutawa. Ki ajiye gwangwani ɗaya a cikin duhu, wani kuma ki hana shi ruwa, ki bar su su faɗi abin da suka gani kafin ki yi bayani.

Shi azumi ba ya bin wannan tsari, tunda yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ki duba kalanda tun farkon zango. Daga daren da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, yara za su iya zana siffar watan duk bayan kwana biyu ko uku su kawo aji, amma ki rage musu aikin gida, domin da yawansu ba sa samun isasshen barci saboda sahur da tashe.

Game da lokaci, minti 10 zuwa 15 a cikin darasin da kike yi sun wadatar. Duk aikin da ya ƙare ba tare da yaro ya rubuta kalma ko lamba a littafinsa ba, ki sauya masa tsari ko ki ajiye shi, kuma ki rubuta kowanne a cikin tsarin darasinki a ƙarƙashin batun manhajar da ya dace da shi, yadda jami'in duba makarantu zai ga inda ya shiga.