Waya na ƙirga taku, amma ba ta san nauyin ƙarfe ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin lafiyar al'umma, kuma bincikena na kammala karatu a kan yawan matasan garinmu da ke ɗaga ƙarfe ne. Ko zan iya kwasar bayanan wayoyinsu da agogon hannu, in huta da raba takardar tambayoyi?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Da a kan tafiyar ƙafa kake bincike, da na ce bismillah. Amma a wajen ɗaga ƙarfe, waya kunya za ta ba ka.

Abin da ke ƙirga taku wata 'yar na'ura ce mai jin motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Nauyi kuwa ba ruwanta da shi. Wanda ya ɗaga hannu wayam da wanda ya ɗaga kilo 20, duk ɗaya suke a wurinta. Balle ma wayar tana can cikin aljihun rigar da aka tuɓe aka rataye.

Agogo ya ɗan fi dama-dama. Wasu na kamfanin Garmin suna ƙirga sau nawa ka ɗaga, sai dai in atisayen ƙafa ne, hannu na tsaye wuri guda, lissafi ya kan kuɓuce musu. Koren hasken nan na bayan agogo kuma, mai auna bugun zuciya, yana rikicewa da zarar ka damƙe ƙarfe wuyan hannu ya ɗaure. Ko babban binciken UK Biobank na Birtaniya, inda kusan mutum 100,000 suka ɗaura na'urar motsi na kwana 7 tsakanin 2013 da 2015, yawan motsi ya auna, ba nauyin da aka ɗauka ba.

Don haka tambayar baki ba ta da makawa. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020: baligi ya yi atisayen ƙarfafa manyan tsokokin jiki aƙalla kwana 2 a mako. Amma kula, takardar tambayoyin hukumar, GPAQ, mai tambaya 16, ba ta ware wannan atisayen daban ba. Sai ka ƙara taka tambayar. A Amurka, binciken lafiyar al'umma mai suna BRFSS yana tambaya kai tsaye sau nawa a mako ko a wata mutum ya yi shi, tare da ba da misalai.

Misalan nan su ne gishirin aikin. In ka ce "ɗaga ƙarfe" kawai, yaron da ya cika gwangwanaye biyu da siminti ya soka sanda a tsakiya zai ce a'a, tunda ba ya zuwa gidan motsa jiki. Mai ga-ruwa da ɗan dako kuma, ka buɗe musu gurbi daban. Kada ka cakuɗa aikin neman abinci da atisaye. Tambayi kwana nawa, da wane sashen jiki.

Inda waya za ta yi maka rana shi ne wajen tattara amsoshi. Tsara tambayoyin a KoboToolbox, wato shafin intanet na tsara tambayoyin bincike, ka sauke manhajarsa ta waya, KoboCollect. Tana aiki ba intanet, in ka samu sabis ka tura. Mutane suna ƙara wa miyarsu gishiri in ana zancen ƙarfi, saboda haka zaɓi kaɗan daga cikinsu su riƙa rubuta abin da suka yi kullum har mako guda, ka gwada da abin da suka faɗa maka da farko.