Yarda da magani kaɗai tana warkar da asma?

Tambaya: Likita, na daɗe ina fama da asma. Wani abokina ya ce yawancin aikin magani a zuciya yake, wai ko ƙwayar sukari aka ba mutum, muddin ya yarda da ita, zai warke. In haka ne, ko zan iya rage maganina in dogara da ƙarfin zuciya?

Amsa: Malam, maganar abokinka tana da tushe. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙwayar da babu komai a cikinta, wadda ake kira filasibo, tana iya rage ciwo idan majinyaci ya ɗauka magani ne na gaske. Kuma ba ƙarya yake yi ba idan ya ce ya ji sauƙi. A 1978 wasu masu bincike a San Francisco sun ba mutanen da aka cire wa haƙori filasibo, zafin ya lafa wa wasunsu. Da aka ba su naloksun, maganin da ke toshe aikin sinadaran kashe zafi da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, sai zafin ya dawo. Ashe sa rai da sauƙi ne ya sa jiki ya saki nasa maganin.

Amma a wajen mai asma akwai binciken da ya fi wannan muhimmanci. A 2011 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi wa masu asma a Boston ta Amurka. Wani lokaci a ba su albuterol, maganin shaƙa na gaske, wani lokaci a ba su na wofi, wani lokaci kuma a bar su haka. Da aka tambaye su yadda suke ji, kusan daidai suka yabi na gasken da na wofin: sauƙin kashi 50 cikin 100 da kashi 45. Na'urar auna numfashi kuwa ta ƙaryata su. Albuterol ya ƙara yawan iskar da suke iya fitarwa da kusan kashi 20, na wofin kashi 7 kacal, daidai da ranar da ba a ba su komai ba. Haɗarin ke nan: mutum ya ji ƙirjinsa ya saki alhali hanyoyin iskar suna nan a matse.

Inda filasibo ke tasiri shi ne abin da mutum ke ji, kamar zafi, tashin zuciya da kasala. Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya narkar da ƙari. Sannan yawancin abin da ake jingina masa ba aikinsa ba ne. Mutane kan nemi magani ne sa'ad da ciwo ya kai ƙololuwa, daga nan kuwa sau da yawa dama lafawa zai yi.

Don haka kada ka rage komai da kanka, musamman maganin kariya da ake shaƙa kullum, domin shi ke kwantar da kumburin hanyoyin iska ko a ranar da kake jin garau. In kana ganin ya yi maka yawa, ka je a auna numfashinka, likitanka ya rage maka a hankali.