Bitamin C ko bitamin E, wanne zan saya?

Tambaya: Likita, tattasai nake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas, shekarata 52. Wani mai tallar magani a cikin danfo, motar haya ta Legas, ya ce in riƙa shan bitamin E kullum don kada tsufa ya kama ni da wuri, maƙwabcina a Agege kuma ya ce bitamin C ya fi. Wanne zan saya?

Amsa: Alhaji, dukansu biyu aikinsu kare ƙwayoyin jiki ne daga irin lalacewar da tsatsa ke yi wa ƙarfe, amma ba wuri ɗaya suke gadi ba. Bitamin C a ruwa yake narkewa, abin da ya yi yawa fitsari ke fitar da shi. Bitamin E kuwa a mai yake narkewa, yana taruwa a kitsen jiki. Hasali ma idan E ya gama aiki ya raunana, C ne ke farfaɗo da shi.

Namiji baligi na buƙatar miligiram 90 na C a rana, mai shan sigari ya ƙara 35. Jan tattasai ɗanye guda ɗaya mai girma ya wuce haka, ka ga maganin yana cikin kwandonka. Sai dai wuta na kashe bitamin ɗin, miyar da ta daɗe tana tafasa ta yi asarar kaso mai yawa. Ka yanka shi ɗanye a kan shinkafa ko kwaɗon zogale, ka haɗa da gwaba ko lemo. Wanda ya zarce miligiram 2,000 a rana zai iya gamuwa da gudawa, mai tsakuwar ƙoda kuma ya yi hattara.

Kafson E ne ba na so ka sha haka kawai. Miligiram 15 jiki ke nema, gyaɗa da man gyaɗa da manja na samar da shi. Binciken SELECT da aka yi kan maza sama da 35,000 ya nuna a 2011 cewa masu shan kafson E mai awo 400 IU kullum sun fi sauran kamuwa da kansar furostet, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin ɗari. Yana kuma tsinka jini, haɗa shi da magungunan tsinka jini irin su warfarin ko asfirin na iya jawo zubar jini.

In dole sai ka saya, ɗauki C mai ƙaramin awo a kyamis mai rajista, ka duba lambar NAFDAC. Na cikin danfo, bar masa kayansa.