Tabarau Mai Yin Duhu Da Kansa: Zan Iya Walda Da Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Mabera, Sakkwato. Na sayi tabaran nan mai yin duhu da kansa in an shiga rana, a Tsohuwar Kasuwa. Mai kayan ya rantse mini cewa don sojoji aka ƙera shi, saboda hasken bam ɗin nukiliya, wai tartsatsin walda wasa ne a wurinsa. Haka ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Mai kayan ya tsinci guntun gaskiya ne ya yi ciniki da ita.

Gaskiya ne hasken wannan bam ya tayar wa sojojin Amurka hankali. A gwajin da suka yi a 1958 can sama da tsibirin Johnston, a tekun Fasifik, hasken ya ƙona tantanin bayan idon zomayen gwaji da ke nesa da ɗaruruwan kilomita. Matuƙin jirgin yaƙi kuwa ko makantar minti ɗaya ta ishe shi halaka. Da fari dabarar tasu abin dariya ce: matuƙi ya rufe ido ɗaya da ƙyalle, in haske ya kashe na buɗe, ya kware ɗayan ya ci gaba da tuƙi.

An gwada gilashi da roba masu yin duhu da kansu. A shekarun 1960 kamfanin Corning ya fito da gilashi mai ƙwayoyin sinadarin azurfa a ciki. Na roba, irin naka, rini ne aka sa masa, wanda ke sauya siffa in hasken rana mai ƙuna da ido ba ya gani ya taɓa shi. Inda gizo ke saƙar shi ne sauri. Ƙiftawar ido kan ci wajen kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa, kuma hasken bam na iya yin ɓarna kafin fatar ido ta rufe. Tabaranka fa? Fito da shi daga ɗaki ka zuba masa ido: sai ya yi kusan rabin minti yana canza launi a hankali.

Abin da ya fisshe su daga baya wani tangaran ne garai-garai mai suna PLZT, daga cibiyar bincike ta Sandia da ke Amurka, a shekarun 1970. Da lantarki yake aiki, yana rufewa cikin ƙasa da kashi 1 cikin 5,000 na daƙiƙa. Matuƙan jirgin yaƙi mai jefa bam, B-52, aka ba, bai taɓa zuwa teburin ɗan koli ba.

Ga kuma abin da masu sayarwa ba su faɗi: zafi na rage masa duhu. Da sanyin safiyar hunturu zai yi baƙi wuluk, amma a ranar Afrilu ta Sakkwato, lokacin da aka fi bukatarsa, sai ya tsaya ruwan toka-toka.

Saboda haka, Malam, kada ka kusanci walda da shi, ko ɗan ɗigo ne. Nemi garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10 zuwa 13, ko hular walda mai yin duhu da lantarki in aljihu ya yarda. Yaran shagonka masu riƙe maka ƙarfe ma a ba su tasu, don su ne ke kwana hawaye na zuba kamar an watsa musu rairayi a ido. In hakan ta faru, ban da ɗiga madara ko ruwan albasa. A kai yaro wurin likitan ido da safe.