Tambaya da Amsa: Shin gwamna na iya tsige sherif a Amurka?

Tambaya: Na ji an ce akwai jihar da aka kaɗa ƙuri'a kan bai wa gwamna ikon tsige sherif. Wane ne sherif, kuma me ya kawo talakawa cikin wannan magana? — Wani mai karatu daga Zariya

Amsa: Sherif shi ne babban jami'in tsaro na gunduma a Amurka, kuma a mafi yawan jihohi jama'ar gundumar ne ke zaɓensa, ba gwamna ke naɗa shi ba. Shi ke riƙe da gidan yarin gunduma, yaransa kuma ke sintiri a ƙauyukan da ba su da 'yan sandan kansu.

Misalin da ya dace da tambayarka shi ne jihar Maine. A can ba a gyara kundin tsarin mulki sai kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa sun amince, sannan a miƙa wa jama'a su yanke hukunci. A shekarar 1917 masu zaɓe suka amince da gyaran da ya bai wa gwamna wannan iko, a zamanin da jihar ke fama da aiwatar da dokarta ta hana sayar da giya, wadda ta samo asali tun 1851. Sai dai an gindaya sharuɗɗa: dole a shigar da ƙorafi, a sanar da sherif ɗin, a kuma zauna a ji ta bakinsa, kafin gwamna ya tabbatar cewa ya gaza a aikinsa.

Waɗannan sharuɗɗa, a ganina, su ne ƙashin bayan dokar, domin wanda jama'a suka ɗora da ƙuri'unsu bai kamata mutum ɗaya ya sauke shi don saɓanin siyasa ba. A 2024 kwamishinonin gundumar Oxford da ke Maine sun nemi Gwamna Janet Mills ta tsige sherif ɗinsu, aka yi zaman sauraron hujjoji, daga bisani ta bar shi a kujerarsa.

A Florida tsarin ya bambanta. Gwamna Ron DeSantis ya dakatar da Sherif Scott Israel a Janairun 2019, bayan harbin da ya hallaka mutum 17 a wata makaranta a garin Parkland da ke gundumarsa, amma sai da majalisar dattawan jihar ta kaɗa ƙuri'a a watan Oktoba kafin tsigewar ta tabbata.