Me ya sa zabuwata ke kai ƙwai daji?

Tambaya: Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Ina da zabi shida. Da damina ta sauka sai su daina yin ƙwai a gida, sai yara sun bi sahunsu cikin gonar gero kafin a gano. Bara na sa wa kaza ƙwansu ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya, uku kaɗai suka rayu. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, Allah Ya albarkaci kiwo. Zabinki lafiyarsu ƙalau, halinsu ne haka. Zabo tsuntsun Afirka ne, kuma na gida da na dawa, irin waɗanda ke Dajin Falgore, jinsi ɗaya ne. Zaman gida bai raba shi da ɗabi'ar daji ba. Shi ya sa da magariba za ki ga sun ƙi akurki sun haye bishiya, in an kore su kuma sun fi dogara da gudu, tashi sai ta ɓaci.

A daji, da rani garke suke yi, kamar ashirin ko fiye, suna tonon tsaba. Ruwa na sauka sai garken ya watse, namiji ya ware da macensa. Lokacin ne fara da gara da tsutsa suke yawa, ciyawa kuma ta yi tsawon da za ta ɓoye su. Zabuwa sai ta tona ɗan gurbi a ƙasa cikin duhuwa ta zuba ƙwai shida zuwa goma sha biyu. Gonar geron nan ita ce duhuwar da naki suka samu. Na gida sukan haɗu su biyu ko uku a gurbi ɗaya, har ki tarar da ƙwai tuli.

In kin gano gurbin, kada ki kwashe tas. Ki bar biyu ko uku, ki sa musu alama da gawayi, kullum ki ɗauki sababbin. Dattawa sukan ɗiba da ludayi don kada zabuwa ta ji warin hannu. A ganina abin da ya fi korar ta shi ne ta hango mutum a wurin, ko ta dawo ta tarar da gurbi wayam. Ki bari sai ta yi nisa.

Mutuwar 'ya'yan ce ta fi damuna, domin asara ce da ake iya karewa. Ba wa kaza kwanci da kika yi daidai ne, zabuwa takan ja 'ya'yanta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa tun asuba, ba ta waiwayen wanda ya gaza. Sai dai ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, na kaza 21. In kika haɗa su rana ɗaya, kaza za ta tashi da nata ta bar sauran su huce. In dole sai an haɗa, a jinkirta na kazar da mako guda.

Ɗan zabo sabon ƙyanƙyasa ko tafin hannu bai cika ba, jikinsa ja-ja da ratsin baƙi a ka. Raɓa kaɗai ta isa ta kashe shi. Na sha ɗaga su da safe, gashi ya manne, ƙafa ta yi sanyi ƙarara, kafin hantsi sun tafi. Makonni shida na farko ki tsare su tare da kazar a busasshen wuri, kada su fita sai rana ta ɗaga raɓa ta bushe, hadari na haɗuwa kuma a mayar da su. Ruwan sha a murfi marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa. Ɓarzajjen gero shi kaɗai ba ya riƙe su, suna bukatar ƙwari. A samo musu gara daga suri, za ki ga yadda suke wawaso. A kuma sa ido kan shirwa.

Ki duba ma ko akwai isassun maza cikin shidan nan, don ƙwan zabuwar da namiji bai taka ba ba zai ƙyanƙyashe ba. Ƙahon kan namiji da naman gefen bakinsa sun fi girma, amma kuka ya fi tabbas: mace ce kaɗai ke yin kukan nan mai gaɓa biyu tana maimaitawa, namiji gaɓa ɗaya yake yi.